Salbiya mai furen karammiski: faɗinta za ki duba, ba tsayinta ba

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce kin sayo salbiya guda 4 a leda wajen masu furanni na bakin titi a Kaduna, mai fure shunayya mai laushi kamar karammiski. Kina so ki jera su a 'yar siririyar ƙasar da ke tsakanin barandarki da hanyar shiga ɗaki, wadda faɗinta bai wuce ƙafa 2 ba, kuma kina tambaya ina girmanta zai tsaya, wata nawa za ta ɗauka. Don Allah ki dakata da dashen tukuna. Shekara 7 ke nan ina rainon wannan shukar a gidana a Jos, ina sonta ƙwarai, shi ya sa ba na so ki sa ta inda za ki zo kina tumɓuke ta da hannunki.

Mu fara tabbatar da wacce ce a hannunki, domin salbiya dangi ne babba, sun kusa iri 1,000, masu sayarwa kuwa suna ɗaya suke kiransu da shi. Gidansu ɗaya da daddoya da na'a-na'a, in kin murza karan a tsakanin yatsunki za ki ji yana da kusurwa huɗu. Ki juya ganyen taki. In dogo ne siriri mai tsini, samansa kore mai toka-toka, ƙasansa fari da gashi-gashi kamar an shafa auduga, karan ma fari, to Salvia leucantha ce, 'yar asalin ƙasar Mekziko. Wannan karammiskin da ya ja hankalinki ma kofin furen ne kawai. Ainihin furen ɗan ƙarami ne, yawanci fari, yana leƙowa daga ciki, ya yi kwanakinsa ya faɗi, kofin kuma ya ci gaba da zama da launinsa. Dalilin da ya sa ake ganin kamar furenta ba ya ƙarewa ke nan.

In ita ce, tsayinta idan ta cika yakan tsaya tsakanin mita 1 da mita 1.3, wato wajen ƙafa 4. A jikina, ƙirjina take kaiwa idan ta fitar da zangarniyar fure. Tsayin ba shi ne matsala ba. Faɗin ne. Gindi ɗaya da ya sami wuri yana iya cin mita 1.5, har ya doshi mita 2.

Ga yadda tawa ta yi. Na dasa su a watan Mayu, ruwa ya riga ya zauna, kowacce ba ta fi tsayin tafin hannu da rabi ba. Mako 3 na farko shiru, kamar ba ta san an dasa ta ba, har na fara tunanin ƙasar ce ba ta karɓe ta ba. Ashe saiwa take kafawa. Daga tsakiyar Yuni sai ta zabura. Kafin ƙarshen Yuli ta wuce gwiwa, a marka ta kai ƙugu, zuwa Oktoba ta kusa cika tsayinta, ga fure ya rufe ta. Damina ɗaya ke nan, wata 5 zuwa 6, daga leda zuwa ƙirjin mutum.

A nan mutane da yawa suke yaudaruwa, ni ma a nan na yaudaru. Na ga tsayin ya tsaya sai na ɗauka girman ya ƙare. Ita kuwa a shekara ta biyu da ta uku take nuna halinta. Ba reshe take ƙarawa a sama kamar bishiya ba, sababbin kara take turowa daga ƙarƙashin ƙasa a kewayen tsohon gindin, kowace damina da'irar tana buɗewa. Karan kuma ba sa tsayawa cak, suna lanƙwasowa waje ta kowane ɓangare saboda nauyin fure, in ruwan marka ya jiƙa su sai su ƙara kwantowa. Guda 3 na jera a bakin hanyar kicin, tazarar rabin mita a tsakaninsu. A damina ta biyu sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya, sun toshe hanyar, duk mai wucewa da safe sai raɓa ta jiƙa masa zani. Cikin dunƙulen kuma ba iska, ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube, sai tsiraran kara. Dole na haƙe ta tsakiyar na mayar da ita bayan gida. Ranar raina bai so ba, don ita ce ta fi kyau.

Saboda haka ƙafa 2 ba za ta ishe ta ba, ko guda ɗaya. Ga kuma wani abu game da wurin naki: ƙasar da ke manne da baranda yawanci nan ruwan kwano yake zuba. Wannan shukar tana jure fari idan ta kafu, amma ba ta jure kwanciyar ruwa a gindi. Saiwar ruɓewa take, ki ga ta yi yaushi alhali ƙasar sharkaf take. In ƙasarki mai danƙo ce, ki cakuɗa ta da yashi, ki ɗaga wurin kamar kunya.

Da ni ce, zan nemi wuri a jikin katanga inda rana take bugawa aƙalla awa 6, in dasa 2 a can, tazarar mita 1.2 zuwa 1.5 tsakaninsu, da kusan mita 1 daga duk inda ake takawa. Watannin farko wurin zai yi kamar fayau, kada ki ji tsoro, za ta cike shi. Sauran 2 ki sa su a manyan tukwane, ko rabin duro da aka huhhuda ƙasansa. Tukunya tana taƙaita ta, ba ta kai ta ƙasa girma ba, sai dai tana neman ban-ruwa a kai a kai, kuma bayan shekara 2 sai kin zazzage ta kin raba gindin. Kaduna ta fi Jos zafi, don mu muna kan tudu ne na wajen mita 1,200, yanayin da ya fi kama da tsaunukan da ta fito. Na ba ƙanwata reshe ta kai Kano, ya kama, amma bai kai nawa cika ba, kuma a bazara sai da inuwar yamma ta cece shi. Ke ma in kin sami wurin da katanga ke tare ranar la'asar, ki zaɓe shi.

Kina iya riƙe girmanta da almakashi, amma da lokacinsa. A Yuni da farkon Yuli nakan tsinke kawunan tohon, sai ta yi rassa da yawa ta tsaya a gajarce, ba ta zubewa. Daga Agusta na daina, domin ita mai fure ce idan yini ya fara gajarta, duk kan da kika yanke a wannan lokacin, to fure kika yanke. Bayan hunturu, wajen Fabrairu ko Maris, za ki ga sabon toho fari-fari yana ɓullowa a gindi. A lokacin nake sare tsofaffin karan gaba ɗaya har kusa da ƙasa. Karon farko hannuna rawa yake yi, amma kafin ruwa ya yi nisa ta dawo tsayinta na bara, ta fi da kyau. Taki kuma kaɗan ya isa, ruɓaɓɓen kashin shanu cikin tafi biyu sau ɗaya a farkon damina. In kin cika mata, musamman takin zamani, sai ta yi zaƙwal ta zube ƙasa, ganye da yawa fure kaɗan.

Ita kuwa siririyar ƙasar taki, akwai 'yan'uwanta da suka dace da ita. Jar salbiyar nan da ake gani a lambunan otal da shataletale, Salvia splendens, asalinta Burazil, gajerun irinta da ake sayarwa suna tsayawa a santimita 25 zuwa 40, kuma suna fure cikin wata 2 zuwa 3 daga shuka iri. In launin shuɗi zuwa shunayya kike so, ki nemi Salvia farinacea, mai tsayawa wajen rabin mita ko ɗan fiye, ba ta kuma bazuwa kamar taki. Ki bar tazarar ƙafa 1 tsakaninsu, ki kuma gyara inda ruwan kwanon yake sauka kafin ki dasa. Allah ya sa albarka a lambun.