Tambaya da Amsa: Littafin Girki Mai Kurakuran Rubutu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ina koyar da matan aure karatu da rubutu a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, kuma mukan yi bita da wani ɗan littafin girke-girke da wata baiwar Allah ta buga. A bayanin ɗanwake ta rubuta "saiki zuba kanwa kadan kijuya", ba ta faɗi yawan gari ba, kuma babu kuka a jerin kayan haɗi, sai a tsakiyar bayani ta ɓullo. Wannan abin a yi magana ne, ko na cika tsanani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki tsananta ba ko kaɗan. Wadda take koyon girki a gaban mahaifiyarta tana da damar tambaya, amma wadda ta dogara da takarda ba ta da wanda za ta tambaya, saboda haka duk abin da marubuciya ta bari a duhu, a tukunyar mai karatu zai bayyana.

Rashin awo shi ne ya fi damuna. Kanwa idan ta yi yawa ɗanwake yakan yi duhu, ya yi ɗaci, a yi asarar garin wake da na rogo a lokacin da kwanon wake ba ya sayuwa da sauƙi a kasuwar ƙauye. "Kaɗan" a hannun wadda ta shekara talatin tana girki daban take da "kaɗan" a hannun amarya. Kamata ya yi a ce gwangwanin madara kaza na gari, cokali kaza na kuka, cokali kaza na ruwan kanwar da aka jiƙa aka tace, sannan a jera dukan kayan haɗin tun daga farko, domin kada mace ta ɗora ruwa a wuta kafin ta gane cewa ba ta da kuka.

Sai kuma ƙa'idar rubutu, wadda ba yau aka shimfiɗa ta ba, domin an yi taro a kanta a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980. "Sai ki zuba" kalmomi uku ne, "ki juya" biyu ne. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna sauya ma'ana, kamar yadda "daka" ta bambanta da "ɗaka", kuma ɗalibanki da yanzu suke haɗa baƙi, abin da suka gani a buge shi za su ɗauka daidai.

Shawarata ita ce ki sami marubuciyar ke da ita cikin mutunci, ki yaba ƙoƙarinta, ki miƙa mata gyaran a rubuce domin bugu na gaba. Kafin nan, ki riƙa ɗora bayanin a allo, ɗalibai su gyara shi da kansu su sa awo, sannan ku gwada girkin a aji.