Kullum ina feshi, amma darɓa sai ƙaruwa take yi

Ɗan'uwa, ka ce kana feshi duk mako a lambunka na bakin Kogin Kaduna, amma darɓa da farin ƙuda sai daɗa mamaye maka tumatir da kuɓewa suke yi. A ganina feshin ne ya yi yawa. Magani mai ƙarfi ba ya zaɓe: yana kashe darɓa, ya haɗa da masu cinye ta. Ita kuwa hayayyafarta cikin kwanaki ce, sai ta dawo ta tarar babu mai hana ta.

Gobe da sassafe ka juya ganyen kuɓewa ka duba bayansa. In ka ga ɗan ƙwaro mai jan baya da ɗigo-ɗigon baƙi, bar shi, abincinsa ke nan, har 'ya'yansa ma darɓa suke ci. Haka gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi da kwaɗi. Zanzaro kuma tsutsa yake kwasa ya kai gidansa. Abin da ke ba ni takaici, yara sai su bi ƙadangare da jifa a lambu, alhali shi ma ƙwari yake ci!

Ka ɗan dakata da feshin. Tsinke ganyen da ya lalace, in abin ya matsa ka jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya ka fesa da yamma. Kada ka cika takin zamani, ganye mai taushi darɓa ke so.

Amma in ka ga zanen fari cikin ganyen tumatir kamar an ƙona, irin tsutsar da ta cinye gonakin jihar Kaduna a 2016, kada ka jira. Garzaya wurin malamin gona, ko cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya.