Amsar tambayarka kan littafin akuyar nan

Ɗana, na ga saƙonka tun bayan isha'i, sabis ne ya ɗauke sai yanzu. Kace wai me yasa na dawo maka da zanen littafin yaran nan bayan ka kwashe sati 2 a kansa, kuma wai ta yaya za'a yi abin dariya da leda alhali ita ke kashe dabbobin mutane. Tambayarka ta yi, kuma hannunka ya faɗa wallahi, akuyar nan da ka zana sai da na tsaya na kalle ta sau biyu. Abinda ya ɓata aikin shi ne dattijon nan mai rawani da ka dasa a kowane shafi ya ɗaga yatsa yana cewa kar ku yar da leda. Yaro ɗan shekara 6 ya wuni ana ce masa bari, daina, sauko, a gida da makarantar allo, sannan ya buɗe littafi ya sake tarar da wani yatsan, ai rufewa zai yi ya tafi ƙwallonsa.

Cire dattijon gaba ɗaya, ka bar akuya ta yi aikin. Ga yanda nake ganinsa. Tana bin ƙanshin ta'amiyya, wani soye mai kama da ƙosai, a kasuwa, ta haɗiye ledar da aka ƙunso ta a ciki, ta ƙara wata, ta ƙara wata, to daga nan duk takun da ta yi sai cikinta ya ce ƙaras ƙaras. Ta lallaɓo za ta saci dawar mai shago, ƙaras ƙaras, an kama ta. Ta ɓuya bayan jaki, ƙaras ƙaras, jaki ya zabura. Rubutun kuma kar ya tona, a ƙasa kawai ka sa "Akuya ta tafi a hankali, ba wanda ya ji ta", a hoton kuwa kowa a kasuwa ya waiwayo har da kaza. Yaro ya ga abinda akuya bata gani ba, ya fi ta wayo, nan ne dariyar take, kuma da bakinsa zai ce ai ledar ce, baka gaya masa ba.

Kar ka ɗauka ban san nauyin abin ba. Na taɓa tsayawa a mahauta ana feɗe wata akuya da ta rame ba'a san dalili ba, mahauci ya tsaga tumbin ya zaro dunƙulen leda ya murɗe kamar igiya, baƙa da shuɗiya, har da guntun buhu, mai ita tsohuwa ce tana tsaye ta riƙe haɓa ta kasa magana. Leda bata narkewa a tumbi, cika shi take yi, dabba ta ji kamar ta ƙoshi ta daina cin kirki har ta kwanta. Saboda tsohuwar nan ne nake so littafin ya shiga hannun yara su yi ta maimaita shi, tunda sune ake aike kanti kuma sune ke yar da ledar a hanya. A labarin dai akuya bata mutu ba, an yi mata aiki ta warke, yarinyar gidan ta koma zuwa kasuwa da kwandon kaba, akuya ta bi ta tana neman cin kwandon.

Yanzu maganar sana'a. Ka kawo min shafi 30, ba'a yin haka. Takarda ninke ta ake yi, in da waya za'a ɗinke tsakiya dole adadin ya rabu da 4, kuma malzama, wato babbar takardar bugu da ake ninkewa, ɗaya shafi 16 ce, biyu sun baka 32. Cire shafin suna da na bayanan bugu da na ƙarshe, ya rage maka buɗi 14 na labari, wato shafi bibbiyu masu kallon juna, da rarar shafi ɗaya, a ciki zaka tsara komai. Sannan babban kuskuren da na san a YouTube ka kwaso shi, akuyarka tana tafiya daga hagu zuwa dama. Yaranmu na nan Kasala, gabashin Sudan, da Larabci suka fara karatu, littafin ma Larabci ne da Hausar ajami, daga dama ake buɗe shi. Juya ta ta fuskanci hagu, kuma duk abin mamaki ka ɓoye shi a bayan shafin hagu, sai yaro ya juya takarda sannan jaki ya zabura. In ya hango tun kafin ya juya, ka zubar da dariyar a ƙasa.

Koren nan da ka zuba ma ka rage. A wayar hannu yana sheƙi, amma inji da tawada 4 yake aiki, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, zai fito ya dushe. Kuma ma ina ka ga irin wannan ciyawar a garin nan? Zana duwatsun Taka, zana yashin kogin Gash lokacin rani kafin ruwan damina ya sauko, zana mai jabana, wato mai sayar da gahawa, a bakin hanya, da leda maƙale a ƙayar itacen miskit tana kaɗawa, yaro ya ce la unguwarmu ce. Shi miskit ɗin ma littafi ne guda, a 1917 aka shigo da shi Sudan, ya zo ya cinye gonaki a Gash da Tokar har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi, kuma awaki ne ke cin 'ya'yansa suna shuka shi da kashinsu duk inda suka bi. Ajiye wannan, in na farko ya karɓu shi ne na biyu.

Bar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka, kuma kar fuskar akuya ta faɗa a ninkin tsakiya kamar yanda ka yi a shafi na 12. Bango kuma ba selofan, shi ma leda ne, banish, ruwan nan mai sa sheƙi, za mu shafa, zan yi wa masu aikin bayani da kaina. Tunda yaƙin nan na Sudan ya tashi a Afrilun 2023 ka san yanda takarda ta yi tsada, don haka ba fenti ko ɗigo sai ka ninke farar takarda 8 ka yi min littafin gwaji da fensir. Gobe bayan la'asar ka zo da shi shago, ka taho da ƙannenka biyun nan, kai zaka karanta musu ni kuma zan zauna gefe ina kallon fuskarsu da biro a hannu.