Amsa: rezin ya cinye min gindin kogi

Ɗan'uwa, ka ce ka sassaƙa kogi a jikin farin soson nan na cikin kwalin firij, don filin dagar 'yan sojojinka na kan tebur, amma da ka zuba rezin, wato ruwan robar nan mai daskarewa kamar gilashi, don ya zama ruwan kogin, sai ya cinye soson. Laifin na rezin ɗin ne. Irin wanda masu gyaran jikin mota ke aiki da shi a Suame Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi, na foliyesta ne, kuma narkar da wannan soso yake yi. Nemi rezin na epoksi, mai kwalabe biyu da ake gaurayawa. Kafin ka zuba, shafe kwarin kogin da farin gam na kafinta sau biyu, ya bushe sarai, sannan ka yi fenti, tsakiya da duhu, bakin gaɓa ruwan ƙasa. Fentin nan shi ke nuna zurfin ruwan.

Amma fa kada ka zuba gaba ɗaya. Epoksi kan ɗauki zafi yayin daskarewa, in ya yi kauri zafin kaɗai ya isa ya lotsa soson. Ni milimita 3 nake zubawa, in jira kwana guda, in ƙara. Na taɓa yin gaggawa a ɗakina a Aboabo, nan Kumasi, tsakiyar daminar Yuni, saman ruwan ya fito fari-fari kamar koko saboda laimar iska. Tun daga nan sai ranar da gari ya washe nake zubawa, in kife kwali a kai saboda ƙura.