Amsa ga mai tambaya kan fentin da ya ƙi bushewa a jikin ɗan tsana

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa saboda amsar tana da ɗan tsawo. Ga waɗanda ba su gani ba, ya sayi ɗan tsanan Marvel Legends, irin na roba mai gaɓoɓi da ake yi da siffar jaruman Marvel, a wurin 'yan gwanjo, ya fesa masa fentin gwangwani irin wanda ake yi wa ƙofar ƙarfe, yau sati biyu kai da hannuwa suna danƙo, gwiwoyi kuma fentin na ɓarewa da zarar ya lanƙwasa su. Yana so a gaya masa fenti mai kyau da zai saya.

Ajiye kuɗinka tukuna. Ko fenti mai kyau irin Vallejo ka sayo yau ka shafa a kan abin da ke hannunka, haka zai lalace. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne robar da kake yi wa fentin, domin ɗan tsana ɗaya ba da roba iri ɗaya ake yin sa ba. Ɗauke shi ka danna farce a ƙirjinsa, za ka ji tauri, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Wannan galibi ABS ce. Matsa kan ko tafin hannun, za ka ji yana ɗan lotsawa. Wannan PVC ce, kuma abin da ya sa take da laushi shi ne wani sinadari mai maiƙo da ake cakuɗa mata tun a masana'anta. Sai ta uku, 'yan ƙusoshi da faya-fayen da ke cikin gaɓoɓi, waɗanda sau da yawa ake yi da wata roba mai santsi da ake kira POM. An zaɓe ta ne don ta riƙa zamewa ba ta cinyewa, shi ya sa kusan babu fentin da ke kama ta da kyau.

Danƙon da kake ji daga PVC ɗin ne. Fentin mai da yawancin fentin gwangwani na kasuwa suna ɗauke da sinadaran narkarwa masu ƙarfi, suna janyo maiƙon nan daga cikin robar ya gauraya da fentin. In haka ta faru, ko shekara ka jira ba zai bushe ba. Na tabbata in ka taɓa ƙirjin yanzu za ka ji ya bushe ƙayau, hannuwan ne kawai ke kama yatsa. Wani a zauren nan ya ce ka barbaɗa masa hoda, wani ya ce ka shanya shi a rana. Hoda za ta ɓoye abin na 'yan kwanaki sannan ya dawo da datti a kai, rana kuwa ƙara fito da maiƙon take yi. Sai dai a cire fentin gaba ɗaya.

Wurin cirewa ne mutane ke kashe ɗan tsana. Asiton, wanda ke cikin yawancin ruwan goge jan farce, yana narkar da ABS nan take, ƙirjin ya yi laushi, zanen tsokoki da na sulke su shafe, kuma ba su dawowa. Tina ta masu fentin mota ma haka. Don haka a kan sassa masu tauri ka yi amfani da sifirit mai ƙarfi, irin aisofurofil na kashi 90 ko sama in ka samu a kemis, ka jiƙa tsohon buroshin goge baki ka riƙa dirzawa a hankali. Kada ka tsoma shi a ciki ya kwana, domin doguwar jiƙa tana sa ABS ta yi gautsi, wata rana kana juya kafaɗa ka ji ƙas. A kan kai da hannuwa masu laushi za ka iya sa asiton kaɗan a auduga, ka goge da sauri, ka tsoma a ruwa, ka sake. Amma ka tabbata ka riga ka raba su da gangar jikin.

Rabawar ba wuya. Tafasa ruwa, sauke shi, ba shi ɗan lokaci ya daina zaɓalɓala, zuba a kofi, ka tsoma hannun ko ƙafar kamar minti ɗaya. PVC za ta yi laushi, sai ka ja a miƙe ta fita daga ƙusarta. Kada ka murɗa, murɗawa ke karya ƙusa. Gangar jikin kuwa yawanci a manne take tun daga masana'anta, ka bar ta yadda take, ba aikin mai fara koyo ba ne. Ni ina zuba sassan dama a murfi ɗaya, na hagu a wani, domin gwiwar dama da ta hagu sun yi kama sosai har sai ka zo mayarwa ka ga ɗaya ta ƙi zama.

Bayan nan wanka. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, da buroshi, har cikin lunguna. Ko sabon ɗan tsana ne daga kwali yana buƙatar wannan, saboda akwai man da ake shafa wa mazubi don robar ta fita ba ta manne ba, kuma yana nan a jikinsa ko ba ka gani. Na gwanjo kuwa ga man hannun yara ga ƙura. In ya bushe ka bi shi da samfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 800, ba don ka ci robar ba, don dai ƙyallin ya dushe fenti ya samu wurin kamawa.

Yanzu gaɓoɓi, wanda shi ne rabin tambayarka. Gaskiyar magana, duk inda roba ke gogar roba fenti zai ci wuya, kowane iri ne. An ƙera gwiwar ne daidai wa daida, babu sararin ko siririn gashi, kai kuma ka ƙara mata kauri. Abin da nake yi shi ne in lanƙwasa gaɓar kafin in fara komai, in duba daidai inda take gogawa, in ci wurin da samfefa lamba 400 har sai na ga ɗan sarari ya buɗe, sannan in lallashe shi da mai laushi. In na yi fentin ya bushe sosai, sai in ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa a bakin tsinken sakace in shafe fayafayen da shi siriri, in bar gaɓar a buɗe har ya ƙame. Yana zama kamar sulke a kan fentin. Ka kula kada ya gangara cikin mahaɗar, in ba haka ba ƙafar ta sandare ke nan.

Amma dabarar da ta fi duk waɗannan ita ce tun wurin saye. In jarumin da kake son fitarwa baƙaƙen kaya yake sawa, nemi ɗan tsanan da robar gaɓoɓinsa baƙa ce tun asali, sai ka ƙyale gaɓoɓin ba fenti. Ko ya goge ba mai ganewa. Ɗaukar jan ɗan tsana a ce za a mai da shi fari neman wahala ne, kowace lanƙwasa sai jan ya leƙo. Wasu suna rina gaɓoɓin da rinin da aka yi don zaren roba, irin Rit DyeMore, a ruwan zafi. Yana shiga cikin robar ne maimakon ya zauna a sama, to amma daga haske zuwa duhu kawai yake tafiya, kuma ba kowace roba ke shan sa daidai ba.

Fentin da za ka nema shi ne akirilik, mai haɗuwa da ruwa. Waɗanda aka yi musamman don irin wannan aiki su ne Vallejo na Sifen, Citadel na kamfanin Games Workshop da ke Ingila, da Tamiya na Japan. Garin launinsu ya fi laushi, shi ya sa ko an tsinka su suna rufewa. In ba su samu ba, akirilik na tub da ake sayar wa ɗaliban zane a shagunan littattafai zai yi maka koyo, sai dai za ka ƙara yawan shafawa. Kwalabe shida sun ishe ka farawa: baƙi, fari, ja, shuɗi, rawaya da ruwan ƙasa. Ka haɗa da firaima, wato shafin farko da ake yi don fenti ya kama, ta akirilik wadda ake shafawa da buroshi, mai ruwan toka. Ban cika ba da shawarar ta feshi ba, na farko saboda irin abin da ya same ka, na biyu saboda gwangwanin feshi yana da wuyar aikowa ta jirgin sama, in ma ya iso kuɗin ya ninka.

Ka tsinka fentin da ruwa har ya yi kamar madarar da aka tatso yanzu. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare, ka ga kamar ka ɓata aiki. Ƙyale shi ya bushe, kada ka koma kansa da buroshi yana ɗanye, nan ne ake samun layi-layi. A shafi na uku ko na huɗu launin zai zauna sumul, kuma kowane zane na rigar yana nan. Ja da rawaya da fari ba sa rufe duhu, sai ka fara sa musu fari ko toka mai haske a ƙasa. Don riƙe sassan, tsinken tsire nake sokawa a ramin ƙusa in kafa a jikin soso, hannuna ba ya taɓa fentin.

Yanayinmu ma yana da nasa. Masu koyarwa a YouTube yawancinsu a ƙasashe masu sanyi suke. Mu a nan, a watan Maris da Afrilu, ɗigon akirilik yana bushewa a faranti kafin ka gama wanke buroshi. Sai ka samu robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa soso siriri mai ruwa, ka ɗora takardar da masu yin kek ke shimfiɗawa a tire, ka riƙa haɗa fenti a kanta. Danshin yana ratsowa daga ƙasa, launin da ka haɗa da safe yana nan har yamma. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, da ka gama shafi ka kifa kwali a kai. Da damina kuwa, musamman Agusta, kada ka fesa banish, wato shafin ƙarshe mai kare fenti, marar ƙyalli ranar da iska ke da laima, yana iya yin fari-fari kamar hazo a kan aikin da ka sha wahala.

Tunda ka ce daga baya kana son ka mai da fuskar ta baƙar fata, bari in ɗan tsaya a nan, don nan na fi ganin ana kuskure. Mutane sai su ɗauko ruwan ƙasa su zuba baƙi, fuska ta fito toka-toka ba rai. Dubi bayan hannunka a hasken rana, akwai ja a ciki, akwai ɗan ruwan lemo a inda haske ya sauka, inuwar kuma ta fi karkata ga shunayya. Wurin fentin fata, ni nakan fara da ruwan ƙasa mai ɗan ja a duk fuskar. Sai in haɗa shi da ɗigon shuɗi da ja, in tsinka sosai, in bar shi ya gangara ƙarƙashin gira, gefen hanci, ƙasan leɓe da cikin kunne. Sannan in ƙara ɗan ruwan lemo a launin farko in taɓa goshi, karan hanci, saman kumatu da haɓa, kaɗan-kaɗan. Ido kuwa shi nake fara yi kafin fata. Farin ido ba fari tas ba ne, ka karya shi da ɗan toka ko ruwan ƙasa, in ba haka ba jarumin zai fito kamar wanda aka tsorata. Ƙwayar idon da bakin tsinken sakace nake ɗiga ta, ta taɓa fatar ido ta sama. In ta fita layi babu damuwa, launin fata zai zo ya gyara gefen. Ka ɗauki hoton fuskar da waya ka faɗaɗa, ko ka duba ta a madubi, nan take za ka ga idon da ya karkace.

In kana son ƙara gemu, hula ko jaka, akwai ƙullin da ake haɗa kashi biyu ya ƙame cikin 'yan awoyi, irin Milliput da Apoxie Sculpt. A jiƙa yatsa da ruwa lokacin aiki da shi. Wannan kafin firaima ake yi, kuma a nesa da gaɓa.

Ƙarshen aiki banish na akirilik, marar ƙyalli a tufafi da fata, ɗigon mai ƙyalli a ido da ƙarfe. Akirilik yana bushewa a taɓa cikin mintuna, amma ƙamewar gaske tana ɗaukar kwanaki, don haka ka ba shi kwana biyu ko uku kafin ka haɗa. Wurin haɗawa kada ka mai da shi ruwan zafi, ka hura wa ramin handiraya, na'urar busar da gashi, ya yi laushi, ƙusar ta shige ba tare da ta kankare komai ba. In za ka ci roba da samfefa ko ka fesa wani abu, ka fita tsakar gida ka sa takunkumi, yara kuma su matsa.

Saura magana ɗaya, game da buhun da ka ce ka kwaso tare da shi. Kafin ka taɓa sauran, juya kowanne ka duba tafin ƙafa ko bayan cinya, yawanci akwai sunan kamfani da shekara. Marvel Legends tun 2002 ake yin su, da farko a hannun kamfanin Toy Biz, daga 2007 kuma kamfanin Hasbro, kuma mafi yawansu suna da yawa a duniya, ka yi musu yadda kake so. Amma gwanjo yakan zo da tsofaffin kaya, irin ƙananan 'yan tsanan Star Wars da kamfanin Kenner ya fara fitarwa a 1978, ko G.I. Joe na shekarun 1980. Masu tara irin waɗannan sun fi son su da fentinsu na asali ko da ya koɗe, sabon fenti zubar musu da daraja yake yi. Waɗanda babu tambari ko kaɗan, masu ƙyalli da warin roba, galibi jabu ne, kuma su suka fi dacewa ka fara gwada hannu a kansu kafin ka koma kan wannan. Ka ɗauko mana hoton ƙafafun ka sa a zaure mu duba tare.