Amsa ga ƙanwata mai shirin fara horon likitan ido: littattafan da suka yi mini aiki

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin haye Firamari, wato jarrabawar share fagen horon ƙwarewar likitoci, kin samu gurbin horon ƙwarewa a fannin ido, ƙaninki kuma yana aji uku a karatun awon ido da tabarau, kuɗin hannunku bai taka kara ya karya ba, kina tambayar wane littafi za ku saya da zai yi muku aiki ku biyu. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya.

Bari in fara da abin kunyata. Shekarata ta farko na cika filashin kwamfuta da waya da littattafai har ban san adadinsu ba. Duk wanda wani babba ya ambata a taron safe, kafin azahar na nemo shi. Sai ranar da na zauna jarrabawar mataki na ɗaya ta horon na gane tarawa kawai na yi, ko ɗaya ban karanta daga bango zuwa bango ba. Na faɗi, kuma lissafin haske da awon tabarau ne suka kayar da ni, ɓangaren da na raina ina cewa ai aikin masu tabarau ne. Shi ya sa da shi zan fara miki, ba da Kanski, babban littafin cututtukan ido, ba kamar yadda kowa ke yi.

Ki nemi Clinical Optics na Elkington da Frank da Greaney. Siriri ne, sai ki ɗauka a mako guda za ki cinye shi. Ba a karanta shi a kwance. Ki zauna da fensir da rula da farar takarda, duk zanen tafiyar haske da ke ciki ki rufe littafin ki zana shi da kanki, har hannunki ya riƙa yi ba tare da kin tsaya tunani ba. Wannan littafi ku biyu zai yi wa aiki, kuma na tabbata ƙaninki ya fi ki a nan, domin su tun ajin farko suke shan lissafin gilashi. Ki ajiye girman yaya ki zauna ya koya miki juya rubutun tabarau, yadda +2.00/-1.00 a kan 90 ke komawa +1.00/+1.00 a kan 180, da dalilin da ya sa mai awo da retinoskof, wato na'urar haska ido don gano ƙarfin tabarau, yake cire 1.50 in ya zauna nisan santimita 66 daga majiyyaci, ko 2.00 in santimita 50 ne. Ni wani dattijo mai awon ido a asibitinmu ne ya cece ni bayan faɗuwar nan. Wata uku ina zama kusa da shi duk Laraba, ina awo yana sake awo a bayana, yana girgiza kai. Gasar nan da ake yi tsakanin likitocin ido da masu awo, wa ya fi wa, ki bar wa masu lokacinta.

Kanski kuwa ba makawa. Clinical Ophthalmology na Jack Kanski ya fara fitowa a 1984 a Ingila, kuma John Salmon ne ya karɓi aikin gyara shi a bugu na 9 da na 10. In kuɗin babban littafi ɗaya kuke da shi, a nan za ku zuba. Sai dai darajarsa hotunansa ne, don haka kada araha ta ja ki ga bugun bayan fage. Na taɓa sayen irinsa, hotunan bayan ido duk sun yi jajir kamar an zuba musu manja, ba ka bambance zubar jini da tabo. Gara tsohon bugu na asali da aka riƙe da kyau da sabon bugu na jabu. Yadda ya yi mini amfani shi ne na daina bin sa shafi bayan shafi. Abin da na gani a kilinik da rana shi nake buɗewa da dare, ko da shafi huɗu ne, in na ga hoton sai fuskar mai cutar ta dawo mini, shi ke nan ya zauna.

Amma akwai inda Kanski zai bar ki a hanya, kuma wannan ne na fi so ki riƙe. An rubuta shi ne don likitan da ke duba Turawa. Yawancin idanun da ke cikin hotunan masu haske ne. Bayan idon baƙar fata ya fi duhu, kan jijiyar ido sau da yawa ya fi faɗi, kuma yaron da ƙaiƙayin ido ya daɗe yana damu, wanda za ki riƙa gani kusan kullum lokacin zafi da ƙura, farin idonsa yakan rine ya koma ruwan ƙasa musamman a gefen baƙin ido, ba irin jan da hoton ya nuna miki ba. Haka ma ɗigon buɗe ido: wanda ke aiki nan da nan a ido mai haske yakan yi jinkiri ko ya gaza a idon yaranmu, har sai an koma ga ɗigon atirofin mai ƙarfi kafin a samu awo na gaskiya. Sannan ki duba yawan shafukan da ya ba lalacewar tsakiyar gani ta tsufa, ki kwatanta da ɗan abin da ya ba amosanin ido.

Ga kuwa abin da ke jiran ki a benci. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 cikin ɗari na makantar, gilakoma, wato hawan jinin ido, ta biyo da kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna cewa cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, fiye da kashi 40 cikin ɗari masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke. Ranar da tsoho zai zauna gabanki da irin wannan ido, yanar tana kwance a can ƙasa, idon ya yi tauri yana ciwo, za ki ga babin da kika haddace bai tanadi wannan ba.

Littafin da ya cike mini wannan giɓi shi ne Eye Diseases in Hot Climates na John Sandford-Smith. Mutumin ya yi aiki a Fakistan, ya kuma koyar a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Kaduna, don haka majiyyatan da yake magana a kansu namu ne: yaron da ƙyanda da ƙarancin bitamin A suka bar wa hakiya, macen da gashin idonta ya juya ciki yana gogar ƙwayar, manomin da kan gero ya soke shi ya zo bayan kwana goma an riga an ɗura masa magungunan gida. Turancinsa mai sauƙi ne, kuma yana gaya miki abin da za ki yi in babu na'ura sai tocila da gilashin ƙara girma. Wasu abokan karatuna sun raina shi suna cewa na ma'aikatan jinya ne. Su ne kuma ke aron nawa in an tura mu aikin ƙauye. Yana da ɗan uwa, Eye Surgery in Hot Climates, wanda za ki so ki karanta kafin ki fara riƙe wuƙa, domin aikin yana na ƙaramin yanka da hannu shi ne abincinmu na kullum a nan, alhali manyan littattafan waje sun fi ba da ƙarfi ga aikin na'urar fako mai farfasa yana ta zuƙe ta. Ki haɗa da mujallar Community Eye Health Journal da ake fitarwa daga Landan tun 1988. Kyauta ce a intanet, har da bugun Faransanci, wanda na san abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram sun fi jin daɗinsa. A nan na fara fahimtar matakai biyar na tantance amosani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1987 yadda ya kamata.

Jerin littattafan BCSC (Basic and Clinical Science Course) na ƙungiyar likitocin ido ta Amurka kundi 13 ne. Kada ki saya yanzu. Ki karanta na ɗakin karatun sashenku, ko ku yi karo-karo da abokan horo. Zai yi miki rana in kin doshi mataki na biyu, lokacin da za a daina tambayar ki mene ne wannan a koma tambayar me ya sa. Ana sake buga shi duk shekara, amma ba kowane kundi ake yi wa babban gyara ba, saboda haka na shekara biyu ko uku baya bai lalace ba. Na daren aiki kuwa, Wills Eye Manual ko Oxford Handbook of Ophthalmology, ɗaya ya isa. Ni Wills na riƙe. Ki dai rubuta a gefen shafi maganin da ake samu a kantin asibitinku, don sau da yawa wanda ya ambata ba ya nan, ko yana nan amma majiyyacin ba zai iya saya ba.

Shi kuma ƙaninki, ban da Elkington ɗin, Theory and Practice of Optics and Refraction na Khurana bugun Indiya ne mai sauƙin kuɗi, ya kuma dace da yadda ake tambaya a jarrabawa. In ya fara shiga kilinik ya nemi Clinical Procedures in Primary Eye Care na David Elliott, mai bin kowane gwaji daki-daki. Borish's Clinical Refraction ƙato ne mai tsada, na dubawa ne a ɗakin karatu in wata mas'ala ta taso. Kuma ki riƙa ba shi Kanskin naki, musamman babin gilakoma. Mutum ya fi zuwa neman tabarau da zuwa ganin likita, don haka mai awon ido ne zai fara cin karo da mai ciwon da bai san yana da shi ba. Na ga waɗanda aka sauya wa tabarau sau uku ba wanda ya leƙa jijiyar idonsu.

Abu ɗaya da babu a ko wane littafi cikin waɗannan shi ne bakin majiyyacinmu. Tsohuwa za ta ce miki hazo take gani, wani ya ce dundumi, wani ya ce an ce masa yana ce ya jira ta nuna, alhali gilakoma ce ke cinye masa jijiya yana zaune yana jira. Na ajiye ƙaramin littafin rubutu a aljihun farar riga, ina rubuta kalmar da mutum ya faɗa da abin da na tarar a idonsa. A nan na koyi tambayar uwa wane ɗigo take saya wa yaro a kemis, domin mai sitiroyid ɗin nan da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take ya makantar da yaran da na gani da idona.

Tsohon Elkington ɗina yana nan a ofis, gefen shafukansa duk zanen fensir ne. In hanya ta biyo da ke ki zo ki karɓa, amma ki dawo mini da shi da zarar kin haye mataki na ɗaya, don akwai wata da ta riga ta kama layi.