Tambayoyin Masu Karatu: Kwamfuta za ta iya sanin halin dutsen da ke riƙe da mai?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun injiniyan man fetur. Na ji ana cewa yanzu ana koya wa kwamfuta ta faɗi halin dutsen da mai ke kwance a cikinsa daga awon na'urori kawai. Shin an daina ciro samfurin dutse daga rijiya ke nan?

Amsa: Ba a daina ba, ɗalibi, domin a kan wannan samfurin ne dukkan aikin ya dogara.

Mai yana zaune ne a cikin ƙananan ƙofofin dutse, kamar yadda ruwa ke zama a cikin soso, kuma abu uku injiniya ke son sani: yawan ƙofofin, kason da mai ya cika a cikinsu, da kuma sauƙin da mai zai samu ya ratsa dutsen ya iso rijiya. Tun 1927, lokacin da kamfanin 'yan'uwan Schlumberger ya yi awon lantarki na farko a wata rijiya a Pechelbronn ta Faransa, ake zura na'urori a kan waya suna auna dutse daga ƙasa zuwa sama. Wata tana auna hasken gama, wani haske da ido ba ya gani, wanda dutsen laka ya fi dutsen yashi fitarwa. Wata tana auna turjiyar dutse ga lantarki, domin ruwan gishiri yana barin lantarki ya wuce, mai kuwa yana tare shi. A 1942 wani injiniya mai suna Gus Archie ya fitar da lissafin da ake amfani da shi har yau wajen gano kason ruwa daga wannan turjiya.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauƙin ratsawa. Duwatsu biyu suna iya daidaita a yawan ƙofofi, amma a ɗaya ƙofofin a haɗe suke, a ɗayan kuwa laka ta toshe hanyoyin da ke tsakaninsu. Hanya mafi inganci ta saninsa ita ce a yanko gunduwar dutse a kai ɗakin gwaji, aikin da ke da tsada, shi ya sa ba a yin sa a kowace rijiya. A nan koyon kwamfuta ke shigowa: ana ba ta awon na'urori na zurfin da aka ciro gunduwa tare da sakamakon gwajin, ta laƙanci dangantakarsu, sannan ta yi hasashe ga rijiyoyin da ba su da samfuri.

Sai dai a kula da yadda ake jarraba ta. Idan aka gauraya bayanan rijiya ɗaya, aka koyar da wasu aka jarraba da sauran, sakamakon zai yi kyau fiye da gaskiya, saboda awo biyu da ke maƙwabtaka a zurfi kusan abu guda suke faɗa. A ganina jarrabawar da ta cancanci amincewa ita ce a ɓoye rijiya sukutum, a ga abin da kwamfutar za ta ce a kanta. Haka kuma inda bangon rijiya ya zaizaye, awon nauyin dutse yakan lalace, kuma kwamfutar za ta koyi kuskuren idan ba a tace shi ba.

In kana son gwada hannunka, kamfanin Equinor na Norway ya saki bayanan filin mai na Volve a 2018 domin masu bincike da ɗalibai, kuma akwai awon rijiyoyi a ciki.